Tun da na haihu ba ni da sukuni: coci zan nufa ko asibiti?

Tambaya: Likita, ni Kirista ce a Sabon Gari, nan Damagaram. Wata huɗu ke nan da haihuwata ta fari, kullum kuka nake ba dalili, barci ya ƙaurace mini, ko ɗaukar yarinyar ba na marmari. Matar fastonmu ta ce in riƙa zuwa shawara da addu'a wurinta, in haɗa da azumi. Maigidana kuma yana tsoron in na je asibiti a ce matarsa ta taɓu. Ina zan dosa?

Amsa: Ƙanwata, sannu da jego, sannu kuma da ƙarfin halin faɗa. Ki je asibiti cikin satin nan, cocin ma kada ki bari.

Ƴar damuwar da ke zuwa wa mai jego a kwanakin farko takan wuce cikin sati 2. Taki ta kai wata 4, ta hana ki barci, ta shiga tsakaninki da ɗiyarki. Wannan ya yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mai jego 1 cikin 5 na fama da irinsa. Ba raunin bangaskiya ba ne. Na sha ganin mace ta zauna gabana da goyo, tana murza bakin zane, ta ce ita muguwar uwa ce, bayan wata biyu ta dawo tana yi wa ɗan wasa.

Abin da ya sa na ce asibiti tukuna: ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo kasala da faɗuwar gaba irin wannan, kuma sai an auna ake ganewa. Fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ranar riga-kafin yarinya ma ta isa, ba mai sanin abin da ya kawo ki. Ki gaya wa ungozoma komai, in da buƙata ta tura ki babban asibitin ƙasa na Damagaram. Ba kowa ake ba magani ba. In an rubuta miki, ki ce kina shayarwa. Yakan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware. Nan ne mata da yawa ke yankewa, ciwon ya dawo.

Cocin tana da abin da ni ba ni da shi. Ina ganinki minti kaɗan, ga layi a waje. Zumuntar mata kuwa za su zo har ɗaki, wata ta goya yarinya ki samu barci, wata ta dama miki kunu. Ki karɓa hannu biyu. Sai dai ki lura da mai ba ki shawara: tana riƙe sirri, ko maganarki za ta fito a roƙon addu'a ranar Lahadi? In aka ce ki ajiye magani don nuna bangaskiya, kada ki yarda. Azumi kuma, ga shayarwa ga rashin barci, ki dakata da shi.

Maigidan ya rako ki, ya ji da kunnensa. In kuwa tunanin cutar da kanki ko yarinyar ya taɓa zo miki, ko kina jin muryoyin da wasu ba sa ji, ki gaya masa yanzu, ku tafi asibiti yau, ko da dare ne.