Amsa: Nutso kan jiragen Scapa Flow

Ɗan'uwa, ka ce a Bahar Maliya ka koyi nutso da tukunyar iska, kana tambaya ko siririyar rigar robarka za ta ishe ka a Scapa Flow, wani yankin teku a tsakiyar tsibiran Orkney, arewacin Sikotilan. Ba za ta ishe ka ba ko kusa. Ko lokacin zafinsu, ɗumin ruwan da ƙyar yake haura digiri 13 a ma'aunin Celsius. Yatsu su sandare, iska ta ƙare da wuri.

Nemi rigar da ruwa ba ya ratsa ta, ka koyi sarrafa ta a ruwa marar zurfi tukuna. In iska ta taru a ƙafafunta, sai ta juya ka, kai ƙasa ƙafa sama, ta fizge ka zuwa saman ruwa, irin wannan saurin tasowa daga zurfi ke jawo ciwon da masu nutso ke gudu.

Jiragen da ke kwance a ƙarƙashin ruwan, jiragen yaƙin Jamus ne, matuƙansu suka nutsar da su da gangan ranar 21 ga Yunin 1919. Manya bakwai suka rage. Daga cikinsu fara da mai suna Karlsruhe, a zurfin wajen mita 25. Markgraf kuwa a kife yake, kusan mita 45, ga duhu, bar wa gwanaye shi.

Kada ka ɗauko ko ƙusa, doka ta hana. Royal Oak kuma, jirgin yaƙin Birtaniya da ya nutse a can, kabarin sojoji ne, ba a nutso a kansa.