Amsar tambayarka kan taron tunawa da Malam

Ɗana, bayan gaisuwa, ina ƙara yi mana ta'aziyyar rashin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Saƙonka ya iso, inda ka ce ɗalibansa na Jami'ar Bayero suna son shirya taron tunawa da shi ranar sadakar arba'in, har su gayyato makaɗa saboda ƙaunar da ya yi wa kiɗa, kana kuma tambaya ko al'adarmu ta yarda da haka.

A wannan rana dai ban amince ba. Zaman makoki a Kano na addu'a ne: a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, masu gaisuwa su yi wa mamaci addu'a su tashi, maƙwabta kuma su aiko da abinci, abin da ke da tushe tun lokacin da Manzon Allah (SAW) ya ce a dafa wa iyalan Ja'afar abinci saboda rashin da ya same su. Malamai sun saɓa kan sadakar uku da bakwai da arba'in, wasu suna raba gumba da waina, wasu suna ganin bidi'a ce, amma duka ɓangarorin biyu ba sa kai kalangu wurin. Ka kuma tuna mahaifiyarka tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, bai kyautu a yi shagali da sunan mijinta tana ɗaki tana jimami ba.

Sai dai ba na tare da 'yan'uwan da ke son a binne wannan ɓangare na rayuwarsa kamar abin kunya ne. Ƙanena ne, tun muna yara nake ganinsa yana tsayawa a Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano daren Juma'a yana sauraron algaita da kakaki, kuma abin da ya girma yana faɗi shi ne, makaɗan taushi da kotso suna riƙe da sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe da shekarun fari waɗanda ba kowane ne aka rubuta ba. Tafiye-tafiyensa ma ba yawon buɗe ido ba ne kawai. Ya je Damagaram da Agadas, ya zauna a zangon Kumasi yana bin sawun fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, ya kuma kai Mai Wurno a Sudan, wurin jikokin mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawan mulkin mallaka a 1903, duk domin ya ji irin waƙar da suka tafi da ita da yadda ta sauya a bakinsu. Wanda ya ba da shekarunsa ga wannan aiki, in aka zo ba da tarihinsa aka tsallake shi, ba a yi masa adalci ba.

Shawarata ita ce a jira mahaifiyarka ta fita takaba, sannan a yi taron a jami'a, a buɗe da addu'a, abokan aikinsa su yi magana, a saka wasu daga cikin muryoyin da ya naɗa domin a yi bayani a kansu. Masu baiwar waƙa cikin ɗalibansa su rubuta masa marsiyya, domin wannan tsohuwar hanyarmu ce; Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837. Makaɗan da suka saba da shi kuwa, su zo ta'aziyya kamar kowa, a karɓe su da mutunci.

Abin da ya fi damuna shi ne kaset-kaset ɗin da ke ɗakin karatunsa, domin zafi da ƙura suna lalata su. A nemi wanda zai juye su a kwamfuta, a ba cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta jami'ar kwafi, a ba iyalan makaɗan da ya naɗa nasu. Garaya da kukumar da ke rataye a bango, a bincika ko aro ne, domin amana da bashi ake fara saukewa kafin rabon gado. Kaset ɗin ma gado ne, saboda haka kada ka fitar da ko ɗaya sai mahaifiyarka da ƙannenka sun yarda. Ka zo da makullin ɗakin bayan sallar Juma'a mu duba tare.

Baffanka.