Oga, me zan yi da Git tunda ina kwafe folda?

Ƙanina, tambayar nan da ka yi min jiya, wai tunda kana kwafe foldar aikinka kana sa mata final, final2, final_na_gaske to meye na wahalar koyon Git, wallahi sai da na yi dariya don nima haka na yi ta yi har sai da na ji a jikina.

Ita folda fayil kawai take ajiye maka, ba ta san me ka canza ba balle dalilin canzawar. Shi kuwa Git duk commit ɗin da ka yi kamar hoto ka ɗauki aikin a lokacin, da rana da sunanka da bayanin da ka rubuta. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005 saboda aikin Linux, bayan an janye musu damar amfani da BitKeeper kyauta, wato manhajar da ke yi musu irin wannan aikin a da. Kuma don Allah ka daina haɗa shi da GitHub, wancan wurin ɗora aiki ne a intanet, Microsoft ta saye shi a 2018, shi Git a laftop ɗinka yake zaune, ko datarka ta ƙare kana commit lafiya lau, push da pull, wato tura aiki intanet da sauko da shi, su ne ke neman netwok.

Abin da ya sa na sallama masa shi ne wata manhaja da na yi wa wani mai shago, lissafin ragi ya fara fitowa ba daidai ba, 'yan nairori na ɓacewa a kowane rasit kuma ban san yaushe abin ya fara ba, ga commit wajen 200. Sai na kunna git bisect, na nuna masa tsohon commit ɗin da na tabbata lafiyarsa ƙalau da na yanzu da ya lalace, shi kuma ya dinga kai ni tsakiya ina gwadawa ina ce masa good ko bad, kowane gwaji rabi ya tafi, a karo na 8 ya ajiye ni kan mai laifin. Layi ɗaya ne fa, na yanke kwabban kafin cire ragi maimakon bayansa. Amma ka lura, don commit ɗin ƙarami ne na gan shi nan take. Da irin naka ne, fayil 40 a dunƙule da saƙo "update", ai tsibin shara zai nuna maka ya ce bismillah.

Sai .gitignore, wato fayil ɗin da ake jera abin da Git zai ƙyale, ka rubuta sunan .env, fayil ɗin da ake ajiye faswod da makullai, a ciki tun kafin commit na farko. Faswod ko makullin API (lambar sirrin da manhajarka ke shiga wata manhaja da ita) in ya shiga tarihi ka tura, goge fayil ɗin baya fitar da shi, dole ka canza makullin gaba ɗaya.

Yau da daddare ka shiga foldar nan ta final_na_gaske ka buga git init don Git ya fara aiki a cikinta, gobe ka zo min da laftop ɗin in duba git log, wato jerin commit ɗinka, kuma kar in ga "update" ko ɗaya.