Wa Ke Riƙe Gida Idan Damina Ta Yi Gardama?

Tambaya: Wata mai karatu daga Katsina ta rubuto cewa: "Malam, ina yawan jin ana cewa matan karkara su ne ginshiƙin wadatar abinci a wannan zamani na sauyin yanayi, alhali a ƙauyenmu maza ne ke noman gandu. Ina gaskiyar wannan magana?"

Amsa: Malama, gaskiya ne gandu a hannun maigida yake, amma ki dubi watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba. A wannan tsakani, abin da ke shiga tukunya yakan fito ne daga hannun uwargida: ɗan hatsin gayaunarta, busasshiyar kuɓewa da kukar da ta adana tun kaka, kwaɗon zogale da tafasa, ko kuɗin akuyar da ta kai kasuwa.

A shekarar 2005, bayan fari da farar dango sun lalata amfanin gona a Nijar, mata a yankunan Maraɗi da Damagaram sun ciyar da iyalansu da 'ya'yan anza, wata ƙaramar bishiyar daji. Anza tana da ɗaci ƙwarai, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya mata ruwa kafin ta ciwu, kuma wannan sani ne da 'ya ke koya a gindin murhun uwarta.

A Maraɗin nan ne aka soma sassabin zamani a 1983, wato manomi ya bar tohon kututture ya girma a gonarsa maimakon ya sare shi. Aikin ya farfaɗo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma mata na cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa, domin itacen girki ya matso kusa da gida, 'ya'yan gawo kuma suna riƙe awaki da rani. A Maraɗin ne kuma ƙungiyar agaji ta CARE ta kafa tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke zuba kuɗi a akwati duk mako suna ba juna rance, tsarin da ya samo tushe daga adashen da muka sani, ya kuma bazu zuwa ƙasashe da dama.

Abin da ke damuna shi ne maganar ƙasa. Gayauna galibi aro ce, kuma ko da yake shari'ar Musulunci ta ba mace rabonta na gado, sau da yawa gonar tana zama a hannun 'yan'uwanta maza. Matar da ba ta da tabbacin za a bar mata fili baɗi, da wuya ta kai masa taki ko ta raini gawo a cikinsa. Saboda haka, idan kina da rabo a gonar gado, ki nemi a fitar miki da shi a gaban dagaci da shaidu, a kuma rubuta.