Kan tambayar kalmomin Q da ba su da U

Ɗan'uwa wallahi tambayar nan taka kamar ni na rubuta ta. Ka ce kullum Q ce ke maƙale maka a hannu har a tashi Scrabble saboda ba ka samu U ba, kuma kana son sanin yadda ake gano kalmomi masu haruffa iri ɗaya ba sai an haddace ƙamus ba. Na sha wannan baƙin cikin, don haka bari in faɗa maka iya abin da na sani.

Ka fara riƙe QI, ita ce ceto. Sai QAT, QADI, QAID, TRANQ, sannan akwai waɗanda kunnenmu ya saba da su tun a islamiyya, QIBLA, NIQAB, FAQIR, TALAQ, duk sun halatta a ƙamus ɗin Collins Scrabble Words wanda shi ake bi a gasa a nan Najeriya. Ka daina zaman jiran U, guda 4 ne kacal cikin haruffa 100 da ke jaka, kuma abokin wasanka in mai wayo ne ya lura kana riƙe da Q ba zai taɓa buɗe maka hanya ba.

Amma kafin a zuba allo, don Allah don Annabi ku yi yarjejeniya kan ƙamus ɗin da zai raba gardama. Ni abin da aka yi min ke nan har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Akwai wani dattijo a majalisar da muke bugawa da yamma, allon nasa ne, shi ya sa maganarsa ita ce doka. Ina gab da cinye shi, na samu gidan da ke ninka harafi uku, na ɗora Q ta ba da QI ta tsaye da ta kwance, maki 62 a aje ɗaya. Mutumin nan sai ya cire tabarau ya kalle ni ya ce wannan wane yare ne, ya aika yaro cikin gida aka ɗauko wani ɗan ƙaramin ƙamus na 'yan sakandare duk bangonsa ya yage, ya bubbuɗa ya ce babu. Na ce Baba a duba a waya, ya ce shi tun kafin a haife ni yake koyar da Turanci waya ba za ta gyara masa ba. Aka sa ni na kwashe, na rasa bugu na, Q ɗin ta kwana a hannuna, aka cire min makinta 10 aka ƙara masa 10. Kuma ba faɗuwar ce ta fi min ciwo ba, dariyar ce, har da masu shayi da ba su san ko harafi ɗaya na wasan ba, wani yana cewa yaro ya ƙirƙiro Turancinsa. Babu wanda ya tsaya min, har abokina da muka zo tare sai ya sunkuyar da kai. Daga baya fa da idona na ga dattijon nan ya aje QI ɗin wa wani, ko kunya babu, na kalle shi ya kau da kai. Allah ya isa ban ce ba don babba ne, amma ban sake zama a allonsa ba.

To batun haruffa iri ɗaya. Kar ka ɗauki ƙamus daga A, za ka gaji tun ba ka kai B ba. Ka sayi littafi ɗan 40, kowace kalma ka jera haruffanta bi da bi kamar a ABCD, ka sa su a saman shafi. Misali AEINRST, a ƙarƙashinsa ka rubuta RETAINS, NASTIER, STAINER, RETINAS, RETSINA, STEARIN, duk haruffa bakwai ne guda. Ranar da suka faɗo maka sai ka jera su haka a gabanka, ido zai gane shafin da kansa, ga kyautar maki 50 na zubar da bakwai gaba ɗaya. Akwai manhajar Zyzzyva ta kwamfuta, kyauta ce, kana ba ta haruffa tana zazzago maka duk kalmomin da ke cikinsu.

Ƙananan masu harafi biyu ma ka haddace su tas, ba su kai 130 ba. ZA, ZO, XI, XU, JO, AX, EX, OX. V kaɗai ce ba ta da ko ɗaya, kar ka wahalar da kanka. Masu raina gajerun kalmomi su je su tambayi Wellington Jighere, ɗan jihar Delta da ya ci kofin duniya a Perth ta Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko, ya lallasa Lewis Mackay na Birtaniya 4 da nema a wasan ƙarshe har Buhari ya kira shi a waya. Mu a arewa ne muke ɗaukar abin wasan kashe lokaci, sai ka nemi kulob a gari guda ka rasa, abin haushi.

Af, in ka ga ING ko ED ko ER ka ture su dama, RE da UN ka ture su hagu, sai ka duba abin da ya rage a tsakiya. S kuma kar ka zubar da ita a banza, ita ma 4 ce. Sannan kalmomin nan na wasa ne fa, kar ƙaninka ya kai QAT takardar WAEC.

In kuwa Q ta zo ba I ba A da T, kuma jaka na da haruffa 7 ko fiye, mayar da ita ka canza, gara ka rasa bugu ɗaya. Kalmomin J da X suna cikin littafina, in na koma gida zan ɗauki hotonsu in turo nan.