Hukuncin koyar da ɗalibai waƙar tarbiyya a aji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malama ce a sakandare, ina ɗaukar 'yan aji biyu darasin adabi. Akwai wata rubutacciyar waƙa a manhajarmu akan haƙuri da gaskiya da rashin karaya, na sa yara su haddace ta su rera, sai mahaifin wata ɗaliba ya zo yace waƙa haramun ce kuma wai marubucin ba musulmi bane. Sannan ni kaina akwai baiti ɗaya da yake min nauyi, yana nuna mutum shi ke riƙe da ƙaddararsa a hannunsa. Dan Allah meye hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama Allah ya saka miki da alheri, ya sa albarka a wannan aiki. Ya halatta ki koyar da ita, amma baitin nan da ya tsaya miki a rai akwai gyara a kansa, zan zo wajen.

Kinga inda ruɗanin yake farawa, mu a Hausa kalmar waƙa ta haɗe komai, abinda makaɗi yake yi a gidan biki waƙa ne, baitocin da malami ya zauna ya tsara da alƙalami suma waƙa ne, shi yasa mutanen zamanin da suke kiran na addini waƙe dan a bambance. Saɓanin da malamai suka daɗe suna yi akan kiɗa ne. Shi kuwa shi'iri magana ce da aka auna aka yi mata amsa-amo, kuma Imamu Shafi'i yace shi'iri zance ne, mai kyansa kamar kyakkyawan zance, mummunansa kamar mummunan zance.

Ina kyautata zaton mahaifin nan ayar ƙarshen Suratush Shu'ara'i yake tunawa, inda Allah yace mawaƙa ɓatattu ne ke binsu. Toh a ƙarasa karatun mana, aya ta 227 ta togace waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari suka yawaita ambaton Allah. Sai hadisin Bukhari da Muslim cewa cikin ɗayanku ya cika da mugunya ya fi masa da ya cika da waƙa, shima Imamu Bukhari da kansa ya nuna inda aka dosa a sunan babin, wato waƙa ta rinjayi mutum har ta kange shi daga zikiri da ilimi da Alƙur'ani. Yarinyar da ta haddace baiti goma sha biyu a zango ɗaya, da yamma kuma tana islamiyya, ina ta shiga wannan?

A Bukhari ɗin dai, Ubayyu bin Ka'ab ya ruwaito Annabi (SAW) yace lallai daga cikin waƙa akwai hikima. Hassanu bin Sabit a cikin masallacin Annabi yake rera baitocinsa, da Sayyidina Umar ya kalle shi wata rana sai yace ai na kasance ina rerawa a cikinsa alhali akwai wanda ya fi ka, wato Annabi (SAW). A ƙasar nan kuma Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙe ta karantar da matan karkara, jajinta (matan da ta horar su zama malamai) su haddace su koma ƙauyukansu su biyawa sauran mata, saboda abinda aka rera ya fi zama a ƙwaƙwalwa, ke da kike aji kin fi ni sanin wannan.

Batun ba musulmi bane ya rubuta kuwa, Muslim ya ruwaito daga Sharidu bin Suwaid cewa wata rana Annabi (SAW) ya goya shi a bayan abin hawansa, ya tambaye shi ko ya haddace wani abu daga waƙar Umayya bin Abis Salt, ya karanto baiti, Annabi yace ƙara, ya ƙara, haka haka har baiti 100. Umayya bai musulunta ba har ya mutu, abinda ke cikin baitocin aka duba.

Yanzu sai baitin ƙaddara, kuma gaskiya na ji daɗi da zuciyarki ta tsaya a kansa, dan irin waɗannan waƙoƙi na ƙarfafa guiwa nan ne suke yawan zamewa. In marubucin yana nufin ka tashi ka nema kar ka kwanta kana zargin wasu, wannan ma'ana ce tamu, Annabi (SAW) yace ka yi kwaɗayin abinda zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. In kuwa ana nufin babu wanda ya rubutawa mutum komai, shi ke juya rayuwarsa yadda ya so, wannan ya ci karo da rukunin imani, bai halatta a bar yaro ɗan shekara 12 ko 13 ya haɗiye shi haka ba. Ni a fahimtata kar ki tsallake baitin tunda yana littafinsu kuma zai iya fitowa a jarabawa, in kin tsallake ma su zasu karanta su kaɗai babu mai warware musu. Ki fassara musu abinda mawaƙin ya faɗa da amana, sannan ki ɗauki minti biyar ki gaya musu ƙarara, mu musulmi himma da zaɓi namu ne, sakamako na Allah ne. Amma ranar rerawa a taro gaban iyaye da ƙananan yara inda babu damar bayani, ki cire shi.

Rerawar kuma a yi ta da murya kawai babu kiɗa, sai ki fita daga saɓani, kuma kar a tsayar da 'yan matan da suka tasa suna rangwaɗa a gaban maza.

Shi mahaifin kar ki ja da shi, kishin 'yarsa ne ya kawo shi makaranta kuma iyaye nawa ne ma suke buɗe littafin 'ya'yansu yanzu. Ki ba shi waƙar ya karanta da kansa tare da fassararta, ki nuna masa hadisin Sharidu. In duk da haka ransa bai kwanta ba, a ɗaukewa 'yarsa rerawar, ta tsaya a karatu da amsa tambayoyin jarabawa.

Wallahu a'alam.