Filin Tambaya: Alfa ya fito 0.48, ina matsalar take?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin nazarin halayyar koyo, bincikena kan fargabar jarrabawa ne a tsakanin ɗaliban sakandare. Na gwada takardar tambayoyina a kan ɗalibai 30, ma'aunin alfa na Cronbach, wanda ke nuna yadda jimlolin takardar suka dace da juna wajen auna abu ɗaya, ya fito 0.48, mai duba aikina ya ce in sake. Me zan gyara? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, kada ki yi saurin yaga takardar. Akasari 0.70 zuwa sama ake nema, amma sau da yawa laifin na lissafi ne.

Fara da jimlolin da ma'anarsu ke juye. Idan kina da "Gabana yana faɗuwa idan an raba takardar jarrabawa" da kuma "Hankalina a kwance yake ranar jarrabawa", a ma'aunin maki 1 zuwa 4, tilas ki juya makin ta biyun: 4 ya koma 1, 3 ya koma 2, 2 ya koma 3, 1 ya koma 4. Mantuwar wannan kaɗai kan sa alfa ya zube, wani lokacin har ƙasa da sifili.

Sannan a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, ki duba alaƙar kowace jimla da jimillar maki. Wadda ta gaza 0.30, karanta ta da kyau kafin ki cire. Watakila abu biyu take tambaya a numfashi ɗaya, kamar tsoron malami da tsoron faɗuwa. A riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya, ana sake lissafi, domin ƙarancin jimloli shi ma yana rage alfa.

In fassaro takardar kika yi daga Turanci, ba wa wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci, ku kwatanta. Gwaji na biyu kuwa, ki yi shi a makarantar da ba ta cikin makarantun da kika zaɓa don ainihin bincikenki.